Maganin ƙwari: yadda ake sa masa iyaka

Kowane makiyayi ya san kanwa da gishiri suna gyara bisashe. Ya kuma san idan saniya mai ƙishirwa ta lashi gishiri fiye da kima, tana iya faɗuwa. Haka gyauron dawa: busasshen kara abinci ne, amma ɗanyen tsiro na sabon toho yana kashe dabba cikin ɗan lokaci. Abin da ke raba amfani da cuta shi ne yawa.

Maganin ƙwari ma haka yake, sai dai shi guba ne tun asali. An yi shi don ya kashe. Tambayar da masana ke yi ita ce: nawa ne jikin mutum zai iya ɗauka ba tare da ya cutu ba? Amsar tambayar ita ake kira iyaka. Akwai iyaka ta mai aikin feshi. Akwai wata dabam ta sauran jama'a masu ci da sha. Ba ɗaya suke ba, kuma sanin bambancinsu yana iya tsare ran iyali.

Daga ɓera ake farawa

Ba a gwada guba a jikin mutane. Kafin a yarda a saida sabon magani, ana gwada shi ga ɓeraye a ɗakin bincike. Ana raba su ƙungiya-ƙungiya. Waɗansu a zuba musu kaɗan cikin abinci, waɗansu a ƙara, waɗansu a ƙara sosai, waɗansu kuma ba a ba su ko kaɗan. Ana yin haka kullum, wani gwajin har shekara 2, wato kusan duk tsawon ran ɓera. Ana duba nauyinsu, da jininsu, da hantarsu, da ƙodarsu. Ana duba ko sun haihu lafiya, ko ƴaƴan sun fito da naƙasa.

A ƙarshe sai a nemi awo mafi girma wanda bai yi wa ɓeran kome ba. Amma ba wannan awon ake ba mutum ba. Sai an raba shi gida 10, domin mutum ba ɓera ba ne, wataƙila jikinsa ya fi saurin kamuwa. Sai a sake raba shi gida 10, domin mutane ma ba ɗaya suke ba: akwai jariri, akwai tsohuwa, akwai mai ciki, akwai wanda ciwo ya riga ya raunana. Goma sau goma ɗari ke nan. Abin da ya rage bayan an raba gida 100, shi ne abin da aka yarda mutum ya ci kowace rana, duk tsawon ransa.

Waɗansu masana biyu na Amurka, Lehman da Fitzhugh, su suka kawo wannan dabara ta rabawa gida 100 cikin shekara ta 1954. Tun daga 1963 kuwa, hukumar abinci ta duniya, FAO, da hukumar lafiya ta duniya, OMS, suke tara masana su zauna su duba magungunan ƙwari ɗaya bayan ɗaya, su faɗi iyakar kowane.

Ana faɗin iyakar ne bisa nauyin jikin mutum, da awon da ake kira miligiram. Kilo guda miligiram miliyan ɗaya ne. Ƙwayar hatsi guda tana da nauyin miligiram 8 ko kusa da haka.

Ga misali da maganin da kowa ya sani, piya-piya. Gubar da ke cikinsa sunanta dikulorbos, a jikin kwalba akan rubuta DDVP. Iyakar da masanan FAO da OMS suka sa mata ita ce miligiram 0,004 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Magidanci mai nauyin kilo 60, rabonsa bai kai rubu'in miligiram ɗaya ba. A ɗauki ƙwayar hatsi guda, a raba ta gida 30, a ɗauki kashi ɗaya: ga nauyin abin ke nan. Yaro mai kilo 15, nasa rubu'in na ubansa ne. To, sai a tuna da mai zuba murfin kwalba cike cikin buhun wake.

Iyakar ma'aikaci

Mai aiki da guba ba ci yake yi ba. Shaƙa yake yi, kuma tana taɓa masa jiki. Don haka lissafinsa dabam ne. Cikin 1946 wata ƙungiyar masana lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fito da jerin gubobi, da yawan da aka yarda a samu cikin iskar wurin aiki. Ƙasashe da yawa sun bi wannan hanya daga baya.

Amma lissafin yana da sharuɗɗa. An yi shi ne don baligi mai lafiya. An ɗauka yana aiki awa 8 a rana, kwana 5 a mako, wato awa 40. Sauran lokacin yana gida, nesa da gubar, jikinsa yana fitar da abin da ya shiga. Ga mai feshi kuma, an ɗauka ya sa abin da takardar kwalbar ta ce: riga mai dogon hannu, wando, safar hannu, takalmin roba, da abin rufe hanci da baki. An ɗauka ya auna maganin daidai, famfonsa ba ya yoyo, kuma yana wanka da sabulu da ya gama.

Nan ne gizo ke saƙa. A garake na Jirataua, ko na Galmi, ko na Ƙonni, cikin zafin bazara, kayan roba suna da wuyar sawa, kuma kuɗi gare su. Sau da yawa ana ganin mai feshi da singileti da silifa, famfo na ɗiga masa a baya. Mutane suna tsammani ta hanci ne kawai guba ke shiga, sai su ɗaura ƙyalle su ce sun tsira. Alhali ga mai feshi, mafi yawan abin ta fata yake shiga. Jiki mai gumi ya fi saurin sha. Rigar da ta jiƙe da magani, muddin tana jiki, ba ta daina ba shi guba ba. Wuri mafi haɗari kuwa shi ne lokacin haɗawa, domin abin da ke cikin kwalba bai riga ya sha ruwa ba, ƙarfinsa cikakke ne. Mai motsa shi da hannu, ko mai busa bakin famfo da ya toshe, ya riga ya wuce duk iyakar da aka rubuta.

Akwai hanyar gane ko ma'aikaci ya kusa iyaka tun bai faɗi ba. Magungunan da aka fi aiki da su wajen yaƙi da fara, irin su fenitirotiyon da malatiyon, suna raunana wani abu cikin jini wanda ke tsaida jijiya bayan ta motsa. Ana auna shi da ɗigon jini na ɗan yatsa. Ana auna mutum kafin ya fara aiki, a rubuta. Ana sake aunawa ana cikin aikin. Idan ya ragu da kashi 30 cikin 100, sai a janye mutumin ya huta har jininsa ya komo, ko da shi bai ji kome ba. Lokacin farar da ta mamaye Sahel cikin 2004 da 2005, an fesa wa eka miliyoyi magani daga Muritaniya har Cadi, kuma an yi aiki da wannan awon jini ga ma'aikatan feshi. Manomin da ke feshi a garkarsa, shi ba mai auna masa jini. Abin da ya rage masa shi ne sanin alamu: ciwon kai, jiri, gumi mai yawa, dalalar miyau, amai, rawar jiki, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Wanda ya ga haka ya tuɓe kayan, ya wanke jiki da ruwa da sabulu, a kai shi likita maza, tare da kwalbar don lokotoro ya san irin gubar. Nono ba ya karya gubar maganin ƙwari. Ɓata lokaci kawai yake sawa a yi.

Iyakar jama'a ta fi ƙanƙanta

Mako guda awa 168 ne. Ma'aikaci yana cikin guba awa 40. Wanda gubar ke cikin ɗakinsa, ko ruwan shansa, ko tuwonsa, shi ba ya da ranar hutu. Kuma ba a zaɓe shi don ƙarfinsa ba. Shi ne jariri a goye, shi ne tsoho mai tari. Yaro ya fi babba ci da sha da numfashi idan aka gwada da nauyinsa, yana wasa cikin ƙasa, yana kai hannu baki, ƙwaƙwalwarsa kuma tana cikin girma. Shi ya sa iyakar jama'a kullum ta fi ta ma'aikaci ƙanƙanta, wani lokaci nesa ba kusa ba.

Mutanen Tibirin Gobir sun san abin da wuce iyakar jama'a ke jawowa. Akwai wani sinadari, fuluwor, wanda ke cikin waɗansu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa. Ɗan kaɗan yana ƙarfafa haƙori. OMS ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 cikin litir guda na ruwan sha. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen shekara ta 2000, ruwan famfon garin ya ninka wannan iyaka sau 3 zuwa 4. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Manya da yawa ba su ga kome a jikinsu ba. Yara ne suka ɗauka: haƙora suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe, ɗaruruwa suka naƙasa. Awo a ɗakin bincike ne kawai ke nuna irin wannan.

Idan wurin aiki ya shigo gida

A masana'anta, katanga ta raba ma'aikaci da jama'a. Shi yana ciki, iyalinsa suna wata unguwa. A ƙauye ba wannan katangar. Manomi shi ne ma'aikacin, matarsa da ƴaƴansa su ne jama'ar, kuma duka gida ɗaya suke kwana. Wannan shi ne babban abin da masu lissafin iyaka ba su iya tsarewa daga nesa.

Abin da ya faru a jihar Zamfara ta Najeriya cikin 2010 ya isa misali. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu cikin gida, mata suna daka, ana niƙawa a tsakar gida. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙura ta sauka kan ƙasa, da tabarmi, da kwanoni. A ƙauyuka irin su Dareta da Ƴargalma da Bagega, yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Maza masu aikin da yawa suna nan da ransu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen, aka zubo sabuwa, aka fitar da niƙa bayan gari, likitocin MSF suka yi wa yaran magani, sannan mace-macen suka tsaya. Game da dalma, OMS ta ce ba wani awo da aka sani wanda ba ya cutar da yaro. Masu zuwa haƙar zinariya, ko a Komabangu, ko a Jado, ko wajen Ɗan Isa, su bar dutse da ƙurarsa can inda aka haƙo.

Guba ta fi shigowa gidan manomi ta wajen ajiyar wake. Akwai ƙwayar da ake sawa cikin buhu, Phostoxin da ire-irensa. Da ta ji raɓar iska sai ta saki wata iska mai guba, fosfin. Ƙwaya mai nauyin giram 3 tana sakin giram 1 na wannan iska. A ƙasashen Turai, iyakar ma'aikaci ita ce kashi 1 cikin miliyan 10 na iskar wurin aiki, na awa 8. A ɗauki ɗaki mai mita 4 da mita 3, tsayinsa mita 2 da rabi, ƙofa rufe. Idan iskar ƙwaya guda ta fita duka cikin ɗakin, ta ninka iyakar ma'aikaci fiye da sau 200. Buhun saƙa ba ya riƙe ta. Ta kan bi ta tsaguwar bango ta shiga ɗakin da ke kusa. Wannan aikin ƙwararru ne, a magaza da ba kowa ke kwana kusa da ita ba. Buhun da aka sa wa ƙwaya ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum ko dabba.

Sai piya-piya, wanda waɗansu ƴan kasuwa ke yayyafa wa wake. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya. Iyakarsu miligiram 0,01 ce cikin kilo guda na wake. An samu waɗansu buhuna da miligiram 4,6, ninki 460 ke nan. Wannan ya shafi Nijar, domin tana cikin manyan masu noman wake na duniya, kuma wakenta mai yawa Najeriya yake tafiya. Turawa suna da ɗakin awo a bakin iyakarsu, suna iya cewa ba su so. Mai sayen tiya guda a kasuwar ƙauye don dafa wa yara, ita ba ta da abin awo.

Alhali akwai hanyar da ba ta bukatar guba ko kaɗan. Buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu masu kauri ciki, buhun saƙa waje, an fara yaɗa shi cikin 2007, jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken INRAN na Maraɗi. Idan wake ya bushe sosai, aka ɗaure kowace leda ita kaɗai, iska ta ƙare ciki, ƙwarin su daina ci su mutu. Tano ko bido mai murfi da ke rufuwa ruf shi ma yana yin wannan aiki, muddin an cika shi, kuma bai taɓa ɗaukar mai ko magani ba.

Kwanakin jira

Don kada abin da ya rage a jikin amfanin gona ya wuce iyakar jama'a, ana rubuta kwanakin jira a takardar kowace kwalba. Wani magani kwana 3, wani 7, wani 14, wani 21. Rana da iska da ruwa suna cinye gubar sannu-sannu. Wanda ya fesa wa tumatir ko shu ko zogale yau, ya kai kasuwa gobe don ya yi sheƙi, ya ɗora wa mai saye rabon da ba nasa ba. Wankewa tana rage na bisa, ba ta fitar da wanda ya shiga cikin ganye. Maganin kaɗa kuma na kaɗa ne. An yi lissafinsa bisa cewa ba a cin auduga. Ba a kai shi garka.

Bisashe ma suna da kwanakin jira. Inda aka yi feshin fara, a tambayi ma'aikata kwana nawa za a yi kafin a saki garke, domin waɗansu magunguna suna bin ciyawa su fito cikin nono. Farar da aka tsince matacciya, ko wadda ta kasa tashi bayan feshi, ba ta ci ba ce, ba ta sayarwa ba ce, ba a kuma ba kaji. Tano da bidon magani da suka ƙare, kome wankin da aka yi musu, ba su zama na ruwa ko nono ko fura. Akan huda su don kada wani ya ɗauka.

Iyaka tana canjawa

Ilimi yana ƙaruwa, iyaka kuma takan bi shi, galibi ƙasa take yi. Tsofaffi suna tunawa da DDT da diyeldirin da aka yi ta fesawa da. Daga baya aka gane suna daɗewa shekaru cikin ƙasa, suna taruwa cikin kitse, suna fitowa har cikin nonon uwa. Yarjejeniyar Istokolm ta 2001 ta hana diyeldirin, ta bar DDT don yaƙi da sauro kawai. Endosulfan, maganin kaɗa wanda ya kashe mutane a ƙauyukan arewacin Benin wajen shekara ta 2000, ƙasashen Sahel sun hana shi cikin 2007. Kulorfirifos kuwa, Turai ta daina yarda da shi cikin 2020, domin masananta sun ce ba su iya samun awon da za su tabbatar ba ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, sun haɗa kai suka kafa kwamiti guda na duba maganin ƙwari, ya fara zama a Bamako cikin 1994. Maganin da ya samu izninsa yana da lamba a jikin takarda, da kalmar SAHEL a ƙarshenta. Amma binciken da ƙungiyar manoma ta RECA ta yi cikin kasuwannin Nijar ya nuna mafi yawan magungunan da ake sayarwa ba su da wannan izni. Wanda aka ɗura cikin kwalbar lemo ko ƙullin leda ya fi kowane muni: ba suna, ba awo, ba kwanakin jira, kuma yaro yana iya ɗauka ya sha.

Wanda bai riga ya iya karanta faransanci ko turanci ba, yana iya karanta launi. A gindin takardar kwalba akwai zane mai faɗi. Ja, guba mai tsanani ƙwarai, ba ta ƙaramin manomi ba ce. Ruwan ɗorawa, mai haɗari. Shuɗi, a yi hattara. Tsanwa, ya fi sauƙi, amma shi ma guba ne. Cikin zanen akwai ƙananan hotuna: safar hannu, takalmi, abin rufe fuska, mutum na wanke hannu, akwati da kwaɗo. Abin da ya shige duhu, a kai kwalbar wajen malamin gona, ko birgadiyen gari da ma'aikatar kare tsirrai ta hora, ko malamin yaƙi da jahilci, su karanta awon da kwanakin jira kafin a buɗe murfi.